Shafukan da Kowa Ya Karanta

A cikin shekara goma sha ɗaya da kafa ƙungiyar masu karatu ta bayan kemis, ba a taɓa samun mamba ko ɗaya da ya faɗi ra'ayinsa kan littafin da bai karanta har ƙarshe ba. Shugaba ne ya faɗa, ya kuma sa aka rubuta a shafin farko na Kundin Ra'ayi, wani littafi mai baƙin bango da kowa ke zuba hukuncinsa a ciki kafin ya miƙa wa na gaba. Tsohon hedimasta ne, ya saba in ya yi magana a mayar da ita doka.

Dokokin ma biyu ne kacal. Wanda ya yi sharhi bai gama karatu ba, ya ɗauki kujerarsa. Wanda ya lalata littafin ƙungiya, ya ɗauki kujerarsa. Maganar kujera kuwa ba salon magana ba ce. Ɗakin bayan kemis ba shi da abin zama sai kwalayen magani, don haka duk wanda aka karɓa da kujerarsa yake zuwa daga gida, ta zauna nan har ranar da aka sallame shi. Kujeru biyar ne. Ta Shugaba mai hannu, ta Mai Kemis mai juyawa, ta Tela mai matashi, ta Diddigi ta ƙarfe mai naɗewa, sai ta Direba, tsohuwar kujerar babbar mota da ya sa aka yi wa ƙafafu a wurin mai walda.

Ranar Asabar ɗin da abin ya faru, Direba ne ya zo da littafin da aka gama zagayawa da shi. Sunansa Baƙo Mai Laima, labarin wani mutum da ba shi da gida ba shi da adireshi, yana sauka gari da riga ɗaya da baƙar laima, ya tarar an kashe mai masauki, kowa kuma na zargin kowa. Direba ya ajiye shi a kan kwali da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, littafin nan ba shi da ƙarshe."

Shugaba ya yi murmushin malami. "Haka manyan littattafai suke, Malam Direba. Ƙarshensu a zuciyar mai karatu yake."

"A'a, ranka ya daɗe. Takardun ne babu."

Aka buɗe. Jerin babobi ya ce babi na ƙarshe yana farawa a shafi na ɗari biyu da sha bakwai, ya ƙare a ɗari biyu da ashirin da huɗu. Littafin kuwa ya tsaya a ɗari biyu da takwas, a tsakiyar jimla: baƙon ya tara mutanen masaukin, ya buɗe laimarsa a cikin ɗaki, "sai ga". Daga "sai ga" sai bango.

"Lokacin da yake hannuna cikakke ne," in ji Shugaba.

"Ni ma haka na karɓa, haka na bayar," in ji Mai Kemis.

"Ni har kuka na yi a wurin," in ji Tela.

Suka juya ga Diddigi. Diddigi ya gyaɗa kai. Sai idanu suka wuce shi suka sauka kan hannun ƙarshe da ya riƙe littafin.

"Ba zargi nake ba," Tela ta ce tana gyara matashinta, "amma hanya hanya ce. Mutum na iya neman abin goge gilashi."

"Ko na kunna risho," in ji Mai Kemis.

Direba ya sa hannu ya dafa kujerarsa.

Shugaba ya ce ƙungiya ba ta yanke hukunci da ka. Tunda Allah ya ba su mai bin sawu a cikinsu, wato Diddigi, kuma tunda Direba yayan matar Diddigin ne, ba wanda zai ce an yi zalunci. An ba Diddigi mako guda.

* * *

Shekara talatin Diddigi ya yi a gidan waya, a sashen neman kayan da suka ɓace, a nan ya samo sunan. Aƙidarsa ita ce ba hannun da ke taɓa abu bai bar masa shaida ba. Ya taɓa bin sawun wani ƙunshi ta ofisoshi bakwai da ƙanshin man gashin da ke jikin igiyarsa. Bin shafuka goma sha shida ta hannu biyar bai kamata ya hana shi cin abinci ba.

Matsalar ita ce, ɗaya daga cikin hannayen nasa ne, kuma ya san abin da hannun ya yi. A shafi na goma sha tara ya tsaya. Baƙon bai ma gama sauka daga mota ba, marubucin yana ta bayanin launin gajimare, barci ya yi awon gaba da Diddigi. Kwana shida littafin ya yi a kan rediyo. Da ranar miƙawa ta zo, ya buɗe Kundin Ra'ayi, ya karanta abin da manyansa uku suka rubuta, ya ɗan rage zafi, ya rubuta nasa: "Ƙarshen ya biya wahalar farkon." Ya sa hannu har da lanƙwasa.

Saboda haka yanzu an tura shi neman shafukan da bai san abin da ke cikinsu ba, a wurin mutanen da suka karanta, don ya wanke mutumin da shi ya kawo shi ƙungiyar. In ya kasa, Direba ya ɗauki kujera. In ya yi wata tambayar da ta tona jahilcinsa, shi ya ɗauki tasa. Ya lallashi kansa da cewa gyaɗa kai ba rantsuwa ba ce.

* * *

Ya fara da Mai Kemis, ranar Litinin, a bayan kanta.

"Ni abin da ya dame ni da yaron nan," in ji Mai Kemis, yana zuba ƙwayoyi a ƴar takarda, "faɗa biyar ya yi. An sare shi da kwalba, ya faɗa kan tsatsa, ya kwana a gindin gada. Ko allura ɗaya ba a yi masa ba. A zahiri kafin babi na uku ya kumbura ya mutu. Marubutan nan ba sa tuntuɓar masana."

"Amma ƙarshen ya burge ka. Haka ka rubuta."

"Ai dole. A nan ne aka yi gaskiya. Mutuwar tasa ta yi kyau."

"Mutuwar."

"Guba mana. A shayi. Ba ka tuna ba?"

"Na tuna," in ji Diddigi. "So nake in ji daga bakinka."

Idonsa kuwa na kan ƴar takardar da ake naɗe ƙwayoyin. Bugun inji ne a jikinta, kuma gefenta yankan reza ne. Ya yi zargin shafin littafin ne. Ya ce kansa na ciwo, aka naɗe masa biyu. Sai da ya sha kwana ya warware. Tsohuwar kalanda ce ta kamfanin man zafi. Ya tsaya a bakin titi da maganin ciwon kan da ba ya yi, har ya fara jin alamarsa.

* * *

Tela tana kan keke lokacin da ya shiga, allura a baki, almakashi uku a kan tebur, takardun awo an yanka su rataye a ƙusa. Ya bi takardun da kallo ɗaya bayan ɗaya. Duk jarida ce.

"Duba da kyau, Malam Diddigi. In ka gama ka leƙa ƙarƙashin keke."

"Haba Hajiya, gaisuwa na zo."

"Gaisuwa da tabarau a goshi." Ta cire allurar. "Ni ka ga, mutumin nan tausayi ya ba ni. Riga ɗaya tun daga farko. Wa ke wanke masa? Yaushe take bushewa? Kuma a ce mutum ba shi da uwa, ba shi da ƙanwa, ba wanda zai aiko ya ce ina kake? Ko akuya ce ta ɓace ana cigiya. Shi ya sa na ji daɗi da aka aura masa yarinyar."

"Wace yarinyar?"

"Ƴar mai masaukin. Kai wane littafi ka karanta?"

"Kafin ya sha gubar ke nan, ko bayan?"

Keken ya tsaya. Ta dube shi, ya dube ta.

"Wace gubar?"

"Ta shayi. Mai Kemis ya ce."

"Mai Kemis komai guba yake gani," ta ce a hankali, kamar mai taka ƙasar da ba ta yarda da ita ba. "To, ya sha. Amma ai bai mutu ba. Ko ya mutun ma, an riga an ɗaura. Ni dai na san na yi kuka. Ka bincike shi da kyau, mutumin da ke da reza kwali guda."

Diddigi ya fito yana lissafi. Mutum na iya aure sannan ya mutu, an sha yi. Ba lallai ɗayansu ya yi ƙarya ba. Wataƙila shafuka goma sha shida sun ishi biki da jana'iza, in marubucin ya rage maganar gajimare.

* * *

Shugaba ya karɓe shi a falo, a ƙarƙashin hoton ranar da aka yi masa bikin ritaya.

"Kuskuren ƙananan masu karatu," ya ce, "shi ne su ɗauka baƙon nan mutum ne. Ba mutum ba ne, alama ce. Laimar ita ce ilimi. Masaukin shi ne al'umma. Mai masaukin da aka kashe, tarbiyya ce."

"To wa ya kashe tarbiyyar, ranka ya daɗe?"

"Dukanmu."

"Ina nufin a cikin littafin."

"Nan ma kusan haka ne." Shugaba ya lumshe ido. "Ka tuna yadda ya fita cikin ruwan sama, laima a hannu amma ya ƙi buɗewa, ya bi hanya har ya ɓace? Wannan layin kaɗai ya isa a saka shi a manhaja."

"Da rai ya fita?"

"Da ƙafarsa."

"Matar fa?"

"Wace matar?"

Diddigi ya faɗa masa abin da Tela ta ce, ya ƙara da na Mai Kemis. Shugaba ya saurara da haƙurin mai duba jarrabawar ƴan aji ɗaya.

"Auren alama ce. Gubar ma alama ce. Sun gani, ba su gane ba. Kai me ka gani?"

"Ni kusan duka na gani," in ji Diddigi.

Ya fito ya zauna a kan dakalin wani shago. Baƙon ya yi aure, ya mutu, ya kuma tafi da ƙafarsa cikin ruwa. A gidan waya, in ofisoshi uku suka ba da labari uku, sai ka buɗe ƙunshin ka ga wa ya yi gaskiya. A nan ƙunshin ne ya ɓace, kuma Diddigi kaɗai ne a garin da ba shi da ikon cewa ga yadda yake.

* * *

Direba yana tashar manyan motoci, ana yi masa lodi. Yana zaune a inuwar taya da tabarau ɗin da ya saya bayan ya shiga ajin manya. Yana da shekara hamsin ya koyi haɗa baƙi. Ƙungiyar bayan kemis ce wuri na farko da aka taɓa kiran sa Malam ba da zolaya ba.

"Yaya, tambaya zan yi, kada ka ji haushi."

"Yi abinka. Ban yaga ba. Ko lanƙwasa shafi ban yi ba, da tikitin awon mota nake sa alama."

"Yaya ka ga littafin?"

Direba ya ɗago ya dube shi. Ba a cika tambayarsa wannan da gaske ba.

"Wanda ya rubuta bai taɓa doguwar tafiya ba," ya ce. "Kullum mutumin sai ya samu mota tana jiran sa, kullum kusa da taga. Ba a taɓa faci ba, ba a taɓa tsayar da su ba. Amma akwai abu ɗaya da ya sani. Duk garin da baƙon ya shiga, sai ya zauna inda zai ga ƙofa. Kuma in an ba shi ɗaki ba ya cire takalmi sai ya ji yadda masu gidan ke magana. Wannan gaskiya ne. Ni ma haka nake, har a ɗakin naku na bayan kemis." Ya gyara tabarau. "Mai dafa abincin nake zargi. A shafi na ɗari da arba'in ta ce ba ta taɓa hawa bene ba, amma ta san tagar ɗaki na shida ba ta rufuwa."

Diddigi bai san akwai mai dafa abinci ba. Ya lura kuma ba wanda ya ambace ta duk makon.

"Da ka ga babu ƙarshen, me ya sa ba ka faɗa mini tun ranar ba?"

"Na ɗauka ni ne." Direba ya kalli masu lodi. "Kwana uku ina maimaita shafin nan. Na ce wataƙila haka masu ilimi ke rufe labari, ni ne ban kai ba. Na buɗe kundin na ga ku huɗu duk kun yaba ƙarshen. Na ɗauki biro zan rubuta ni ma ya burge ni. Sai na tuna dokar." Ya miƙe, ya kaɗe wando. "In kujerar ce, ka gaya musu zan zo in ɗauka ranar da ba kowa. Nauyi gare ta, ba na son a tsaya ana kallona."

* * *

Ranar Juma'a da hantsi Diddigi ya shimfiɗa littafin a kan teburin cin abinci, ya yi abin da ya kamata ya fara yi tun Litinin: ya bar bakin mutane ya koma ga hannayensu. Matarsa na tsaye a kansa da tsintsiya.

"In aka kori yayana daga wannan taron shan iskar taku, Malam, ka nemi mai dafa maka."

"Aiki nake, Maman yara."

"Aikin da ka yi a kan rediyo? Kwana shida ina ɗaga littafin nan ina goge ƙura."

Diddigi ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya.

Jan biron Shugaba ya fara tun layin farko. Ya gyara wa marubucin waƙafi, ya ja layi a ƙarƙashin gajimare ya rubuta "alama" a gefe. Jan biro ya yi ta aiki har shafi na talatin da huɗu, daga nan ko ɗigo. Farin garin ƙwaya a tsakanin shafuka, da zoben gindin kofi, sun raka shi zuwa sittin da ɗaya, daidai faɗa na biyar. Zare shuɗi da Tela ke sa alama yana kwance a tamanin da takwas, inda ƴar mai masauki ta fara kawo wa baƙon ruwan wanka. Nasa sawun bai nema ba, ya san inda yake. Daga tamanin da tara zuwa ƙarshe takardun fes suke, sai ɗan tabon baƙin mai a kusurwar ƙasa ta kowane shafi, na babban yatsa ɗaya, a hankali, har ɗari biyu da takwas, inda tabon ya yi duhu kamar an daɗe a wurin.

Ya zauna yana kallon bango. Wannan bai nuna wanda ya yanke ba. Ya ma ƙara ɗaure Direba, tunda shi kaɗai hannunsa ya kai wurin. Ya buɗa gindin littafin da yatsa. Ba guntun takarda, ba tsinken zare, ba sawun reza. Ɓarawon ko dai gwani ne, ko aljani.

A cikin bangon baya ne ya ga wani dishi-dishi, kamar datti a jere. Ya kai shi taga. Rubutu ne, amma a juye.

"Maman yara, ara mini madubinki."

"Yanzu kuma kwalliya?"

Ya kafa madubin a gefen bangon. Layukan suka miƙe. Na ƙarshensu ya karantu sarai: "ya buɗe laimar a cikin ɗaki, sai ga".

Ya san wannan daga gidan waya. Takardar da aka danne tawadarta ba ta bushe ba, tana barin hotonta a jikin abin da ke manne da ita. Shafi na ɗari biyu da takwas ya kwanta a jikin bangon nan tun yana ɗanye, tun a maɗaba'a. Ba abin da ya taɓa shiga tsakaninsu. An manta da ɗaurin ƙarshe ne tun wurin haɗawa.

"To wa ya sata?" matar ta tambaya.

"Ba kowa."

"Alhamdu lillahi. To me ya sa fuskarka ta yi haka?"

* * *

Ranar Asabar kujeru biyar suka cika. Diddigi ya zagaya da littafin da madubin, kowa ya leƙa. Ya yi bayanin tawada da maɗaba'a sau biyu, na biyun a hankali.

"Wato," in ji Mai Kemis, "an yanke, sannan aka danna?"

"Ba a yanke ba. Shafukan ba su taɓa zuwa garin nan ba."

"To ni me na yi wa kuka?" in ji Tela. Da gaske take tambaya, har ta dubi Mai Kemis ko zai taimaka.

Ba wanda ya taimaka. Ana jin mai sayen magani a waje yana buga kanta.

Diddigi ya ci gaba, tunda ya riga ya shiga ruwa. Ya nuna inda jan biro ya tsaya, inda garin ƙwaya ya tsaya, inda zare ya kwanta. Bai ɗaga murya ba, ya karanto lambobin kamar mai kiran rasit.

"Birona ne ya ƙare," in ji Shugaba.

"Ni daga nan na koma karantawa a gida," in ji Mai Kemis. "Ba ƙwaya a gida."

"Zare ai faɗuwa yake," in ji Tela.

"Amma ranka ya daɗe, ko biro ya ƙare, shafukan da babu su..."

"Malam Diddigi." Shugaba ya ɗaga tafin hannu. "Ka yi aiki, ƙungiya ta gode. Abin da ya tabbata shi ne Malam Direba bai yanke komai ba, kuma ni dama ban taɓa zarginsa ba. Batun ko shafukan suna nan lokacin da muka karanta su, wannan magana ce mai zurfi, madubi ba zai warware ta ba. Mutum uku masu mutunci sun ce sun gani. Tawada ta ce ba su gani ba. Ba za mu fifita tawada a kan dattawa ba, ba kuma za mu ƙaryata kimiyya ba. Za a kafa kwamiti." Ya gyara zama. "Amma na ji kamar ana shaguɓe ga doka ta ɗaya. Ƙungiyar nan ba ta kama mutum da zare ko gari. Da bakinsa ake kama shi. Akwai wanda zai ce, da bakinsa, ya rubuta ra'ayi bai gama karatu ba?"

Diddigi ya dubi fuskokin. Ya ga Tela na murza gefen mayafi, ya ga Mai Kemis na kallon silin. Ya yi lissafin da ya saba yi a ofis: in babba ɗaya ya amsa kuskure, sauran sukan biyo baya, a yi dariya, a wuce. Kuma muddin ba wanda ya amsa, wata rana za a sake cewa ai hanya hanya ce, a dubi kujerar mota.

"Ni," ya ce. "A sha tara na tsaya. Abin da na rubuta, daga naku na kwasa."

Ya jira.

Mai Kemis ya sauko da idonsa daga silin, cike da jimami. "Sha tara. Kai, Malam Diddigi."

"Kuma har da lanƙwasa a sa hannun," in ji Tela. "Ban taɓa zato ba."

"Daga namu ka kwasa," in ji Shugaba, yana jinjina kai. "Ka ga ko a nan akwai shaida. In da ba mu karanta ba, me za ka kwasa?"

Diddigi ya jawo littafin, ya cire madubin. Ya rufe.

Direba ya miƙe. "Ranka ya daɗe, in haka ne ni ma..."

"Zauna, Yaya," in ji Diddigi.

"Ai saboda ni ne."

"Zauna. In ka tafi, wa zai riƙa gaya musu in littafi ba shi da ƙarshe?"

Shugaba ya buɗe Kundin Ra'ayi a shafin farko, ya karanta jimlar da ke wurin a zuci, ya ga ba ta buƙatar gyara, tunda wanda ya karya ta daga yau ba mamba ba ne. Ya zaro jan biro daga aljihu ya ja layi a kan sunan Diddigi. Biron na ba da tawada sosai.

Kujerar ƙarfen ta yi shekara tara ba a naɗe ta ba, sai da ya sa gwiwa. Direba ya raka shi har bakin titi, ya miƙa hannu zai karɓa, Diddigi ya ƙi.

"Yaya, mai dafa abincin nan. Ka tabbata ita ce?"

"Ban tabbata ba. Akwai kuma ɗan'uwan mamacin. Sai ka kai wajen ɗari da sittin za ka gan shi."

"To in sun gama kwamitin, ka aro mini."

Daga ciki aka ji muryar Shugaba yana sanar da littafin wata mai zuwa, wanda ya ce ya riga ya leƙa, kuma ƙarshensa abin mamaki ne. Direba ya koma ciki. Diddigi ya saɓa kujerar a kafaɗa, ya sa madubin matarsa a aljihu, ya bi gefen titi inda ba a cika haɗuwa da sanannu ba.